Kwandon Hajiya ya ɓace a goman ƙarshe, kuma kawu bai san ni ne sila ba

Assalamu alaikum Malam. Ni haifaffen Makka ne, asalin iyayena Kano. Ina aiki a shagon kawuna da ke wajen Shara Mansur, muna sayar da tsarabar alhazai: dabino, turare, abaya, jallabiya, sallaya da carbi. Bara na gina wa shagon shafin saye da harshen rubuta manhaja na PHP. Duk kayan da mai saye ya zaɓa ina zuba su cikin wani objek, wato ƙunshin bayanai a manhaja, da na sa wa suna `Kwando`, in jefa shi cikin seshan, wato ajiyar ɗan lokaci da shafi ke yi wa kowane mai saye. Na kuma tsawaita rayuwar seshan ɗin zuwa mako guda, saboda 'yan sari ba sa gama zaɓe a zama ɗaya.

A daren 23 ga azumin bana na yi gyara. Na mayar da sunan `Kwando` ya koma `KwandonSaye`, gurbin `kudi` kuma na mai da shi `farashi`. A kwamfutata komai lafiya lau. Ina ɗorawa sai waya ta fara ruri, duk wanda ke da kaya a kwando fari fat yake gani a shafin. Na dawo da tsohon sunan `Kwando`, abin ya ƙi, har waɗanda suka shigo bayan gyaran ma suka shiga matsala. Hankalina ya tashi, na goge fayilolin seshan gaba ɗaya. Shafi ya tashi, amma kwandon kowa ya zama wayam. Wata Hajiya da ta kwana uku tana haɗa sarin da za ta kai Kano ta yi fushi ta koma wani shago.

Kawu ya ɗauka laifin kamfanin da ke riƙe mana shafin ne, ni kuma na ja bakina na yi shiru. Yanzu ya ce ba zai biya su kuɗin bana ba, tashi zai yi daga wajensu. Abokina ya ce in daina ajiye kwandon a uwar garke, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, in naɗe shi in sa a kuki, ɗan rubutun da burauzar mai saye ke riƙewa, ba zai ƙara ɓata ba. Malam, barci ya ƙaurace mini. Me ya faru, yaya zan gyara, kuma in faɗa wa kawu ko in bar kaza cikin gashinta?

Wani matashi, daga Makka.

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sanyaya maka zuciya. Kafin in shiga bayani, abu biyu nake so ka riƙe tun daga yanzu: kada ka taɓa shawarar abokin nan naka ta sa kwando a kuki, kuma kada ka bari kawu ya hana mutanen can haƙƙinsu a kan laifin da ba su yi ba. Zan dawo kan kowanne. Amma bari mu fara da abin da ya faru a daren nan, domin mutum ba ya iya ba da haƙuri yadda ya kamata a kan abin da shi kansa bai gane ba.

Shafin intanet ba ya tuna fuska. Duk danna maɓallin da Hajiya ta yi, uwar garke tana karɓarsa ne kamar daga baƙuwar da ba ta taɓa gani ba. Wannan mantuwa ce ta sa a 1994 wani ma'aikacin kamfanin Netscape mai suna Lou Montulli ya ƙirƙiro kuki, wato ɗan guntun rubutu da burauza ke riƙewa tana miƙawa duk lokacin da ta dawo. Idan ka kira `session_start()`, PHP yana ba mai saye wata doguwar lamba a cikin kuki mai suna `PHPSESSID`, sannan ya buɗe masa fayil a uwar garke wanda sunansa ke farawa da `sess_` a biyo da wannan lambar. Wannan fayil ɗin shi ne seshan.

To amma objek ɗinka rai gare shi na ɗan lokaci. Ana gina shi a ƙwaƙwalwar kwamfuta lokacin da buƙata ta shigo, ana gama aika shafi a share komai. Don kada kwandon ya mutu tare da buƙatar, sai PHP ya naɗe shi ya mai da shi layin rubutu ya ajiye a fayil, idan Hajiya ta sake dannawa ya warware rubutun ya sake gina kwandon. Da ka buɗe ɗaya daga cikin fayilolin nan kafin ka goge, abin da za ka gani ya yi kama da wannan:

`kwando|O:6:"Kwando":2:{s:4:"suna";s:6:"dabino";s:4:"kudi";i:120;}`

Dubi shi da kyau. Harafin `O` na nufin objek ne, 6 tsawon sunansa, 2 yawan gurabensa. Sai gurbin `suna` da ke ɗauke da dabino, da gurbin `kudi` da ke ɗauke da riyal 120. Yanzu ka nemi abin da babu a ciki. Babu ko layi ɗaya na aikin da kwandon ya iya yi, babu yadda yake lissafin jimla, babu yadda yake ƙara kaya ko cirewa. Suna ne kawai da abin da ke cikin gurabe. Kamar takardar awon tela ce: an rubuta jallabiya, tsawo kaza, hannu kaza. Takardar ba ta ɗinki. Sai ta samu telan da ya san me ake kira jallabiya, kuma yake auna hannu daga inda mai rubutun ya auna.

Abin da ya same ka ke nan, har hawa biyu. Da ka sauya sunan kilas ɗin, wato zubin da ake gina objek da shi, PHP ya buɗe fayil ɗin Hajiya ya karanta `Kwando`, ya duba cikin manhajarka bai ga mai wannan suna ba. A irin wannan hali yakan gina wani gurgun abu mai suna `__PHP_Incomplete_Class`, wanda ke riƙe da bayanan amma bai iya komai ba. Da zarar shafinka ya ce masa ya lissafa jimla, sai aiki ya tsaya cak, kuma tun da a shafin da ke aiki ana ɓoye saƙon kuskure daga idon jama'a, farin allo suka gani. A kwamfutarka ba ka ga haka ba saboda da sabon kwando ka gwada, wanda sabon zubi ya haifa. Tsofaffin kwanduna na mako guda suna can uwar garke, ba ka taɓa haɗa su da sabon rubutunka ba.

Hawa na biyu shi ne lokacin da ka dawo da sunan kilas ka manta da gurbin. Warwarewa ba ta kiran `__construct`, ba ta bi ta ƙofar da ka tsara ake gina kwando. Zuba abin da ta samu a rubutu kawai take yi. Ta samu `kudi` ta zuba, `farashi` kuma ba ta same shi ba ta bar shi fanko. Idan ka ayyana cewa gurbin lamba yake ɗauka kuma ba ka ba shi abin farawa ba, wanda PHP ya ba da damar yi tun sigar 7.4 ta 2019, to taɓa shi kafin a cika shi kuskure ne mai tsayar da shafi. Su kuwa waɗanda suka shigo a tsakanin gyara da warware gyara, an rubuta nasu da sunan `KwandonSaye`, sunan da ka sake kashewa. Ka zama kana da iri biyu na kwanduna a ajiye, manhajarka kuma ba ta dace da ko ɗaya ba.

Akwai maganar da za ta yi maka ɗaci, amma gara ka ji ta daga wajena. Har zuwa lokacin da ka goge fayilolin nan, ko ƙwayar dabino ɗaya ba ta ɓace daga kwandon Hajiya ba. Rubutun yana nan daram, mutum ma zai iya karanta shi da ido. Da ka mayar da manhajar gaba ɗaya yadda take da yammacin ranar, da tsofaffin kwanduna sun farfaɗo. Sauya suna kuskure ne ƙarami da ke samun kowa a wannan sana'a. Gogewar ce ta yi ɓarnar, kuma firgici ne ya sa hannunka ya yi ta. Ban faɗi haka don in ƙara maka nauyi ba. Na faɗa ne don ka ɗauki ɗabi'a guda daga yau: idan abu ya rikice, kwafi ake fara yi, a matsar da fayil gefe, ba a gogewa. Kuma kafin ka taɓa komai, ka buɗe kundin kurakurai na uwar garke ka karanta layin ƙarshe. Sunan cutar yana rubuce a wurin a daren nan.

Tun da maganar kwafi ta zo, ka tambayi kamfanin ko suna da kwafin ajiya na wannan dare, kuma ko ya haɗa da babban fayil ɗin da `session.save_path` ke nunawa. Idan an dace ya haɗa, kada ka yi gigin gyara rubutun da hannu ka mayar. Lambobin nan na tsawo ba haruffa suke ƙirgawa ba, bait suke ƙirgawa, wato ma'aunin wurin da rubutu ke ci a kwamfuta. Kalmar ƙarfe haruffa biyar ce amma bait shida, saboda ƙ mai lanƙwasa biyu take ci a tsarin UTF-8, haka ɗ da ɓ. Kowane harafin Larabci ma biyu yake ci, don haka sunan kaya mai haruffa uku da Larabci zai fito da lamba 6. Shagonku kuwa na san da Hausa da Larabci kuke rubuta sunayen kaya. Ka kuskure lamba ɗaya, warwarewar ta watse. Ka rubuta ƙaramar manhaja a kwamfutarka da tsohon kilas ɗin, ta karanta fayilolin ta fitar maka da jerin kayan kowa a takarda.

Yanzu shawarar abokinka. Na san da kyakkyawar niyya ya ba ka, amma gudun gara ne a faɗa gidan zago. Da farko ma ba ta magance cutar: kwandon da aka naɗe da tsohon zubi zai ƙi warwaruwa da sabo, ko a uwar garke yake ko a wayar mai saye, kuma a wayar mai saye ba ka da ikon isa gare shi ka gyara. Sannan kuki ƙarami ne, wajen bait 4096 yake ɗauka, sarin kwana uku ba zai shiga ba. Waɗannan duk masu sauƙi ne. Babbar matsalar ita ce kuki a hannun mai saye yake, yana iya buɗe shi ya rubuta abin da ya ga dama. Koma ka dubi layin can na sama. Wanda ya mai da `i:120` ya koma `i:1` ya sayi dabinon kawu a riyal ɗaya, kuma shafinka zai yi masa godiya.

Wannan ma ɓarawon kasuwa ne. Mai kutse na gaske ba farashi yake nema ba. Tun da rubutun ne ke faɗa wa PHP wane kilas zai gina, sai ya cire sunan `Kwando` ya sa sunan wani kilas da ke cikin manhajarka ko cikin ɗakunan karatu, wato rubutun manhajar da ka ɗauko na wasu, ya cika gurabensa da abin da yake so. Akwai ayyukan da PHP ke kira da kansa ba tare da kowa ya umarce shi ba, irin su `__wakeup` lokacin warwarewa da `__destruct` lokacin da objek zai mutu. Idan aka jera irin waɗannan da dabara, ana kaiwa ga goge fayil, ko rubuta sabo, ko gudanar da umarni a uwar garkenka. Ba tatsuniya ba ce. A watan Disambar 2015 an kutsa shafuka masu amfani da manhajar Joomla ta wata kafa da ta shafi warware bayanan seshan, sai da aka fitar da siga 3.4.6 cikin gaggawa don toshe ta. Ƙungiyar OWASP, mai fitar da jerin manyan haɗurra goma na shafukan intanet, ta ba warware bayanan da ba a amince da su ba gurbi na takwas a jerinta na 2017. Masu Django, wani tsarin gina shafuka da ake aiki da shi da harshen Python, tun sigar 1.6 ta 2013 suka daina naɗe seshan da `pickle` a matsayin tsarin asali suka koma JSON, wanda bayanai zalla yake ɗauka, ba ya gina objek. Littafin jagorar PHP da kansa ya yi gargaɗi ƙarara cewa kada a miƙa wa `unserialize()`, mai aikin warwarewar, abin da ya fito daga hannun baƙo. Ka gaya wa abokinka wannan cikin mutunci, domin wataƙila shi ma haka ya yi a wani shafin.

To mene ne gyaran? Kai ɗan Makka ne, ka san akwatunan ajiya da ke kewayen Harami. Alhaji ya zo da jaka, ba zai yi ɗawafi da ita a ka ba. Ya miƙa ta, a ba shi lamba, lambar ce ke aljihunsa. Jakar tana wurin da aka gina domin ajiya, mai ƙofa da makulli da mai tsaro. Kai kuma abin da ka yi shi ne ka ɗauki aljihu ka mai da shi sito. Seshan aljihu ne. An yi shi ne don abu ƙarami na ɗan lokaci, shi ya sa ma'aunin asali na PHP, `session.gc_maxlifetime`, daƙiƙa 1440 ne, minti 24 kacal, daga nan fayil ya zama shara mai jiran a kwashe. Ranar da ka ga dole sai ka tsawaita shi zuwa mako guda, a ranar ne abin ke gaya maka cewa kayan da kake zubawa sun fi ƙarfin wurin.

Kwandon 'yan sari dukiya ce, wurinsa rumbun bayanai. Ka buɗe tebur biyu. Ɗaya na kwanduna: lambar kwando, lambar mai shi, ranar buɗewa, ranar taɓawa ta ƙarshe. Ɗaya na abin da ke ciki: lambar kwando, lambar kaya, yawa. A seshan kuwa lamba biyu kawai za ka bari, ta mai saye da ta kwandonsa. Duk buƙatar da ta shigo, ka ɗauki lambar ka je rumbu ka gina objek ɗinka sabo fil ta ƙofarsa ta gaskiya. Daga nan ka sauya sunan kilas sau goma in ka so, lambar kwando, a ce 4172, tana nan 4172. Ka goge seshan gaba ɗaya, abin da zai samu Hajiya bai wuce ta sake shiga da kalmar sirrinta ba, ta tarar da kayanta yadda ta bar su. Ta fara zaɓe a waya a masauki, ta ƙarasa a kwamfutar ɗanta a Kano, kwando ɗaya ne. Wannan kuwa seshan ba zai taɓa ba ka ba, domin shi burauza guda ya sani.

Ka lura ban sa farashi a teburin na biyu ba, da gangan ne. Kwandonka na da yana daskarar da kuɗin ranar da aka zaɓi kaya. Kai ka fi ni sanin yadda kuɗin ajwa da turare ke motsi tsakanin farkon azumi da goman ƙarshe. Ka kuma tuna ranar 1 ga Yulin 2020, da harajin kaya a Saudiyya ya tashi daga kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari a dare ɗaya. Duk kwandon da ya kwana da tsohon lissafi a cikinsa ya wayi gari yana faɗin abin da ba haka ba ne. Ka riƙa karanto farashi daga teburin kaya duk lokacin da za ka nuna kwando, sai a lokacin biya ka rubuta shi a takardar oda ya zauna din-din-din. Ga wata riba da kawu zai gane ba tare da dogon bayani ba: idan kwanduna suna rumbu, zai iya ganin wane ne ya tara kaya ya tafi bai biya ba, ya ɗaga waya ya ce, Hajiya, mun ga kin haɗa kaya, ko akwai abin da ya tsaya? Ɗan kasuwa ya san darajar wannan kiran.

Ba na cewa haramun ne a sa objek a seshan. Akwai wurin da yake da amfani, kamar fom mai matakai uku da za a cike cikin minti biyar. Ko a nan na fi son jerin bayanai zalla, lambobi da kalmomi, tare da gurbi guda mai nuna siga, yadda idan zubi ya sauya manhaja za ta ga siga 1 ta san yadda za ta mai da shi siga 2, ko ta yar da shi cikin ladabi ta ce wa baƙo ya sake. Idan kuwa dole sai objek, to ka tabbata an ɗora mai nemo kilasai, irin wanda Composer, manhajar haɗa ɗakunan karatu na PHP, ke samarwa, kafin a kira `session_start()`, don ko suna bai sauya ba, kilas ɗin da ba a san da shi ba a lokacin buɗe seshan gurgun abin nan zai haifar. Ka rubuta `__serialize()` da `__unserialize()` da kanka, su ma a 7.4 suka zo, kai ne za ka zaɓi abin da zai shiga da yadda za a cike gurbin da ya ɓace. Kada ka bar haɗin rumbun bayanai a cikin objek ɗin, PHP ba ya yarda a naɗe `PDO`, wato objek ɗin wannan haɗi, don igiya ce mai rai, ba bayani ba. Masu aiki da Java ma suna da irin wannan ciwon kai, su har lambar siga suke liƙa wa kilas, `serialVersionUID`, idan ta saɓa warwarewa ta ƙi. Kowane harshe da nasa salon, tushen ɗaya ne: abin da aka ajiye ya fi rubutun da ya ajiye shi tsawon rai.

Wani abu da ba ka tambaya ba amma ya dame ni. Idan a cikin kwandon ko wani objek kana sa lambar waya, adireshin masauki ko lambar fasfo ta alhazai, ka sani fayilolin seshan rubutu ne a fili, ba a rufe suke ba. Dokar kare bayanan mutane ta Saudiyya ta fara aiki a watan Satumban 2023, aka ba da shekara guda ta shiri, kuma hukumar kula da bayanai ta ƙasar, SDAIA, ce ke sa ido a kanta. Ko babu doka, baƙon Allah ne ya ba ka amanar bayanansa. Abin da ba ka buƙata kada ka karɓa, wanda ka karɓa ya zauna a rumbu mai makulli. Ka kuma kira `session_regenerate_id(true)` duk lokacin da mutum ya shiga da kalmar sirri, don lambar da ya zo da ita daga waje ta mutu.

Wajen ƙaura zuwa sabon tsarin, kada ka maimaita daren 23. A yanzu haka akwai mutanen da kwandunansu ke cikin seshan. Ka bar tsohon kilas ɗin da ransa na mako biyu, ka rubuta 'yar gada: idan an buɗe seshan aka tarar da objek, a kwashe kayansa zuwa rumbu, a sa lamba a madadinsa. Idan wata rana ka sake son sauya suna, `class_alias()` yana ba tsohon suna damar ci gaba da amsawa. Ka ajiye kwafin fayilolin seshan uku ko huɗu na gaske a kwamfutarka, bayan ka cire bayanan mutane, duk gyaran da za ka yi ka fara gwada shi a kansu. Sannan lokaci. Goman ƙarshe na azumi da kwanakin aikin Hajji, waɗannan ranakun girbin kawu ne, ba a taɓa injin niƙa ranar kasuwa. Ka yi babban gyara bayan ƙaramar Sallah kafin alhazai su fara sauka, ko bayan sun watse. Kuma ka tuna agogonmu yana gaban na Kano da awa biyu, lokacin da kake ganin dare ya raba a Makka, 'yan sarin can ba su kwanta ba.

Saura kawu. Ka faɗa masa, ƙanena, kuma kada makon nan ya fita. Da abin ya tsaya tsakaninka da shi ne kawai, da sai in ce ka zaɓi lokacin da ya yi maka. Amma shirunka ya fara cin haƙƙin wasu. Mutanen can sun yi aikinsu, ana shirin hana su kuɗinsu, ana kuma ɓata musu suna a bakin ɗan kasuwar da ke da abokai da yawa. Wannan nauyi ne da bai kamata ka kwana da shi ba, balle a garin da kake. Ko ta fuskar dabara ma shirun ba zai kai ka ko'ina ba. Ranar da kawu ya kira su da faɗa, za su buɗe kundinsu su nuna masa sa'ar da aka sauya fayiloli da sa'ar da aka goge seshan, da asusun da ya yi. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Jin maganar daga bakinka da jin ta daga bakin baƙo ba ɗaya ba ne a zuciyar ɗan'uwan mahaifiya.

Kada ka tare shi a shago gaban yara da masu saye. Ka same shi a gida bayan Isha'i, ka zauna ƙasa yadda ka saba, ka ce, Kawu, akwai maganar da ta kamata in faɗa maka tun cikin azumi, tsoro ya hana ni. Kada ka cika shi da sunayen da na lissafa maka a sama, ba ya buƙatarsu, kuma zai ji kamar kana ɓuya a bayansu. Ka ce ni na yi gyara a lokacin da bai dace ba, abin ya rikice, na firgita na goge ajiyar masu saye, kamfanin ba su da hannu. Shirun da ka yi ka ambace shi da sunansa ka nemi gafara a kansa daban, domin mai yiwuwa shi zai fi yi masa ciwo a kan kuɗin da aka rasa. Idan ya yi faɗa, ka sunkuyar da kai ka bari ya gama, kada ka kare kanka. Sai ya huce, ko washegari, ka kawo masa takarda ɗaya da ke nuna abin da za ka sauya, da ranar da za ka yi, da alƙawarin cewa daga yau ba ka ɗora gyara sai ka sanar da shi. Mutumin da ya damƙa maka shagonsa na intanet tun kana sabon hannu ya riga ya nuna yana ganin wani abu a tare da kai.

Hajiya kuma ka nemi izinin kawu ka kira ta da kanka, ko shi ya kira kana kusa. Ba don ta dawo ba, don kwana ukunta da suka tafi. Idan kwafin ya samu, ka karanta mata jerin kayanta ɗaya bayan ɗaya, ka ce suna nan a ajiye duk ranar da ta so. Gobe da safe ka fara aika wa kamfanin tambayar kwafin daren 23, don irin wannan ajiya ba ta daɗewa kafin sabuwa ta hau kanta, sannan ka rubuto mini abin da suka ce da yadda kuka yi da kawu.